Siraran Tayoyin Da Na Saka Wa Motata Da Ƙafar Mahaifina

Edita, ina roƙon ki ɓoye sunana da na ƙauyenmu. Abin da zan iya faɗa shi ne a ƙasar Doguwa aka haife ni, kuma a lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, na samu aiki a Kano, na tara kuɗi na sayi motata ta farko. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so motar nan ba. Sau biyu nake wanke ta a rana, wanda ya jingina da ita ma sai na harare shi.

Wata biyu da sayenta na ga abokaina suna cire wilin da mota ta zo da shi suna saka manya masu ƙyalli, ni ma na tafi kasuwar kayan mota na zaɓo mafi girma. Babban wili kuwa ba ya shiga sai da siririyar taya, wadda tsakanin ƙarfe da ƙasa bai fi yatsu uku ba. Dattijon mai facin da ya ɗaura mini ya juya tayar ya duba, ya ce ta yi wa wilin nan kaɗan, bakin ƙarfen ya fito waje tsirara, ko dakalin gefen titi na goga sai ya lanƙwashe. Ya ba ni shawara in rage girman wilin, in sa taya mai faɗi da kauri wadda robarta za ta rufe bakin. Da ya ji inda nake zuwa ganin gida sai ya ƙara da cewa wannan kwalliyar ta titin birni ce. Na yi dariya na ce masa tsufa ne ke damunsa. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Da kaka na tafi gida. A Tudun Wada, ranar kasuwa ce, na matsa gefe don in ba wata babbar mota hanya, sai na ji ƙarar ƙarfe a jikin simintin bakin kwata. Na fito na ga wilin gaba ya ɗan lotsa. Abin da ya dame ni a lokacin ƙyallin da ya karce ne kawai. Wani mai faci ya ƙara mini iska, ya ce tana zurarewa ta wurin lotsawar, in tsaya a cire a buga. Na ce ina sauri, na wuce.

Washegari da hantsi aka shigo da Baba daga gona a kan babur, maciji ya sare shi a ƙafa yana tattara karan dawa. Kafin azahar ƙafar ta kumbura har gwiwa. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka ce babu allurar dafin maciji, mu yi maza mu nufi Tudun Wada. Kowa ya juyo ya kalle ni, ni ne mai mota. Muka kwantar da shi a kujerar baya, Inna ta ɗora kansa a cinyarta. Na ga tayar ta ɗan yi ƙasa, na ce a raina za ta kai mu.

Ba ta kai mu ba. Mun yi nisa cikin dajin Falgore na faɗa wani rami da tsohuwar tayata ko jin sa ba za ta yi ba, sai sitiyari ya fizge, da ƙyar na tsayar da motar a gefe. Wilin ya tsage daga inda ya lotsa jiya. Na ce wa Inna kada ta damu, akwai safaya. Na ɗaga motar da jak, na ɗauko sifana, sai ta ƙi shiga. Notikan sabon wilin a cikin ƙananan ramuka suke, sai wata siririyar sifana ta musamman ke kai musu, ita kuma tana ɗakina a Kano cikin kwalin da aka ba ni. Na tsaya riƙe da ƙarfen nan, gumi yana shiga idona.

Duk wanda ya san dajin nan ya san ba wurin tsayawa ba ne, ko da rana tsaka. Waya babu sabis. Motoci suna zuwa, ina ɗaga hannu ina ihu, suna ƙara wuta, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da na ga mota mai ƙyalli a tsaye a nan tarko zan ɗauka. Duk motsin ganye sai gabana ya faɗi. Ina tsoron abin da zai fito daga daji, ina tsoron leƙa kujerar baya, don numfashin Baba ya fara canzawa, Inna kuwa salati kawai take yi. Can ya buɗe ido ya tambaye ni me ya tsayar da mu. Na ce masa ƙusa muka taka.

Mun fi awa biyu a wurin sai na ji takun shanu, wani mutum ya ɓullo da sanda a kafaɗa. Na riga na saddaƙar, na ɗauka ɗan fashi ne. Ashe Bafulatani ne makiyayi, magidanci, rugarsu tana bakin dajin. Ya yi sallama, ya leƙa ya ga ƙafar Baba, bai ƙara tambayar komai ba ya juya da gudu. Ya dawo da ƙaninsa a kan babur. Aka sa Baba a tsakiya, na hau baya na rungume shi, makiyayin ya ce zai tsaya da Inna har a turo mota. Haka muka shiga Tudun Wada bayan la'asar, kan Baba yana lilo a kafaɗata.

Likitan da ya karɓe mu ya tambayi lokacin da aka sare shi, da na faɗa sai ya dube ni ya ce, "Ina kuka tsaya?" An ceto ransa, amma naman ƙafar ya riga ya lalace, bayan kwana tara aka yanke ta daga ƙasan gwiwa a Kano. Mutumin da bai taɓa yini a gida da damina ba, yanzu a zaure yake wuni da sanduna biyu a gefensa.

Na san komai da ƙaddara, kuma babu likitan da ya ce mini da mun iso da wuri ƙafar za ta tsira. Amma ni na san mutum biyu sun gargaɗe ni, na san inda na bar sifanar. 'Yan uwana masu sayen mota, kafin ku canza wili ku tuna hanyar garinku, ku sa tayar da za ta rufe bakin ƙarfen, ku gwada sifanarku a kan notin tun kuna gaban mai faci. Ba ku san ranar da za a kwantar muku da wani a kujerar baya ba.

Har yau Baba ƙusa ya sani. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda na rungumo shi a kan babur, ya sa mini albarka a gabansu, ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin. Shekara uku ke nan ina shiga zauren nan da niyyar faɗa masa gaskiya, ina fitowa ban faɗa ba.