Kular Tuwon da Aka Dawo wa Yaya Balaraba da Ita

A wannan watan Yaya Balaraba ta cika shekara shida da rasuwa. Ita ce babbar yayata, ita ta kawo ni Landan, a gidanta na Lewisham na koyi hawa bas ba tare da na ɓata ba. Ta daɗe tana girki a kicin ɗin wani masaukin ɗaliban jami'a, ni kuma yau ina aiki a ofishin kula da walwalar ɗalibai na wata jami'ar. Duk shekara addu'a nake yi mata na yi shiru. Bana na kasa yin shirun, domin tsoro nake ji, kuma ita kaɗai na sani da za ta yi mini tsiya a kansa har na warke.

Akwai wata ɗaliba Bayahudiya mai suna Naomi da ta saba zuwa shan shayi wurin Yaya. Da mahaifiyar yarinyar ta rasu, Yaya ta ji cewa za su yi zaman makoki na kwana bakwai. Ba ta tambayi kowa komai ba. A ganinta, tunda ba sa cin alade kuma suna yanka, ai namanmu namansu ne. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe da naman rago, ta malala man shanu a kai ba rowa, ta rungumi kula ta hau bas biyu zuwa arewacin gari.

Da la'asar sai ga ta da kular, ko murfin ba a buɗe ba. Mahaifin Naomi ya yi mata godiya har bakin ƙofa, sannan ya faɗa mata cikin ladabi cewa su ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga madara, kuma yankansu daban ne. Ta dire kular ta yi kicin-kicin da fuska.

“Hadiza, ni Balaraba a dawo mini da abinci? Ko a Kano ba a taɓa yi mini ba.”

Na ce, “To Yaya, ai kin fita haƙƙinsu. Ki bar shi haka.”

“Na bar me? Uwa fa yarinyar nan ta rasa. Ki yi mini checking a wayarki, me suke ci?”

Na duba na ce mata 'ya'yan itatuwa ba su da matsala. Tuwon kuwa mu muka ci abinmu har kwana biyu. Washegari ta shiga kasuwar Lewisham ta sayi lemo da inibi, ta koma. Haka ta yi ta zuwa har kwana bakwan suka cika. Ta ce ta lura masu makokin a ƙananan kujeru suke zama, kuma baƙo ba ya fara magana sai wanda aka yi wa rasuwar ya fara. Yaya da ba ta iya minti biyu bakinta a rufe, ta koyi zama shiru saboda Naomi.

Yau Landan ɗin da ta bari ba ita ba ce. Tun da yaƙin Gabas ta Tsakiya ya sake ɓarkewa, harabar jami'armu ta yi tsami. Ɗalibanmu Musulmi suna kukan 'yan'uwa da aka kashe a Gaza, kuma ni ma na yi kukan nan, ina kan yi. Ɗalibanmu Yahudawa su ma suna da mamatansu, ga kuma fargaba. Na ga saurayi yana ɗora hular sanyi a kan 'yar hularsu ta addini kafin ya fita titi. Na ga yarinya tana tura sarƙar wuyanta cikin riga da zarar ta hango taro. Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce. Ina jin ba za ta yi dogon jawabi ba, mayafinta kawai za ta nema.

Wadda ta hana ni barci ita ce Talia, wata Bayahudiya ɗalibar shekarar ƙarshe. An kashe ɗan'uwanta a yaƙin, ta daina zuwa aji, ta rubuto cewa za ta ajiye karatun. Aikina ya ce na aika mata saƙo da lambar masu ba da shawara, na kuwa aika. Zuciyata ta ce na je. Amma sai na tuna taron matanmu na ranar Asabar, inda kwanan baya wata aminiyata ta dube ni ta ce, “Ke Hadiza, aikinki aikinki ne, amma dai kin san su waye naki.” A garin nan waɗannan matan su ne dangina, su suka wanke Yaya, su za su wanke ni.

Sati biyu ina jan ƙafa. Daga ƙarshe na je wurin Talia, amma kamar ɓarauniya, sai da na waiga hagu da dama kafin na danna ƙararrawa. Na zauna kusa da ita kusan awa guda ban ce uffan ba. Can ta ɗago ta dube ni, ta dubi hijabina, ta yi tambaya da Turanci a hankali: “Mutanenki sun san kin zo?”

Na ce a'a. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta zata ke nan, kuma kunyar da na ji ba ta sake ni ba har yau.

Yaya ba ta bar mana gida ko dukiya ba. Abin da ya rage nata shi ne, ba ta taɓa zuwa ta'aziyya a ɓoye ba, ko ta waye. Ban gaji ƙarfin halinta ba, wannan kam na yarda. Har yanzu Talia ba ta janye takardarta ba, kuma ban san wa zai amsa sallamata ranar Asabar ba. Amma ranar Litinin zan koma wurinta, kuma in ta sake tambayata, zan ce mata na rubuta wannan a jarida, duk sun karanta.

Allah Ya jiƙan Yaya Balaraba, Ya ba ni ko da rabin zuciyarta.