Mai Tarin Tsohuwar Kotu

Shekarar da na dawo daga cin rani, na tarar maƙwabcinmu ya tuge gambar da ke kan iyakar gonarmu, ya shuka gero har cikin rabon da ubana ya bar mini. A ƙauyenmu, can kusa da Tsarnawa, gamba ita ce takardar gona. Na kai ƙara wurin maigari, aka yi ta yi mini gobe-jibi har damina ta raba. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, sai na wuce kotu a birni.

To, nan gizo ke saƙar. Kotun tsohon gini ne na zamanin Nasara, kuma a bayan ɗakin shari'a akwai wani ɗan ɗaki da aka toshe ƙofarsa, inda a da ake kulle mutane. Kowa a yankinmu ya san da fatalwa a ciki. Mai Tari ake ce masa, kuma ba ya jiran duhu, da rana tsaka yake tarinsa. Wai wanda duk ya ba da shaida ya kuskure ko da taki ɗaya, tarin zai bi shi gida, ba zai ga kaka ba. Da shi uwaye ke tsorata yara.

Dattawa huɗu sun san inda gambar take, duk na bi su. Wannan ciwon ƙafa, wancan yana da baƙi. Na ƙarshen ne ya fito fili. "Ɗana, gaskiya taka ta," in ji shi, "amma idona ya tsuhwa. In na kuskure hwa?" Maƙwabcin kuwa ya samo wani ɗan 'yar'uwarsa, ɗan tasha mai cika baki, ya ce shi ne shaidarsa.

Ina zaune ina cizon yatsa, sai gwaggona, yayar ubana, ta dogaro sanda ta ce ita za ta.

"Gwaggo, ba ki tsoron Mai Tari?"

"Tsoron wa? Ubana?"

A ranar na ji abin da aka ɓoye mini shekara talatin. Wata shekarar yunwa, kumandan, Baturen mulki, ya aiko gardi, 'yan sandansa, su kwashe gero. Kakana ya binne irin shukar ƙauyen duka a rami, ya ƙi faɗin wurin. Suka kulle shi a ɗakin nan da ciwon ƙirji, ya yi ta tari har rai ya yi halinsa. Da ruwa ya sauka, irin nan kowa ya shuka. Gidanmu suka yi shiru saboda mutuwa a kaso abin kunya ne, gari kuma ya mai da shi dodo. Wallahi ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma ba da Nasara nake fushi ba.

Ranar shari'a Gwaggo ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Maimakon ta fuskanci alƙali, sai ta juya wajen toshashshiyar ƙofar ta durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ni ta, ɗiyarka. Ga jikanka na kawo."

Alƙalin baƙo ne daga gabas, ya tambayi tafinta wa take gaisarwa. Tafinta ya nuna masa ƙofar.

Ta miƙe ta ba da shaida ba inda-inda. "Daga gindin gawo zuwa suri. Ni da Baba munka dasa gambar, shina haƙa ina sakawa."

Tana rufe baki aka yi tari daga bayan bangon, sau biyu, busasshe. Da kunnena na ji. Daga baya mai sharar kotun ya ce mini mujiya ce a cikin rufi. Ya je can da mujiyarsa. Gwaggo kuwa, da jin tarin, ta waiga a hankali.

"Sannu, Baba. Har yanzu ƙirjin na?"

Da aka kira ɗan tasha, sai ya nemi izinin kewayawa. Har aka tashi bai dawo ba, takalminsa ma a nan ya bar shi.

Alƙali ya ba ni gaskiya. Kafin kaka na sake dasa gambata, daga gawo zuwa suri. Dattawan nan huɗu suka zo yi mini barka, na amsa musu a tsaye, ban shimfiɗa tabarma ba.

Ba a jima ba, ina wucewa na ji wata mata tana daka tana ce wa ɗanta in bai yi shiru ba za ta kira Mai Tari. Na tsaya a bakin zana na yi sallama.

"Kira shi," na ce mata. "Kakana na. In ya zo ki yi mai godiya, don geron da kika daka nan, shi yab binne irinai."