Ranar da Aka Nuna Idi Tela da Yatsa

Har in mutu ba zan manta da ranar da Dokta Mbarga ya tona asirin bawan Allah da bakinsa, sannan ya juya ya ce ni na yi ba. Ku da kuka shigo aikin tafinta yanzu, ku saurara.

Lokacin ina aiki a wata cibiyar bincike nan Yawunde ta Kamaru, masu nazarin dokar ƙasa da ƙasa. Aikinsu su duba ko gwamnatoci na cika yarjejeniyar da suka sa wa hannu, su rubuta rahoto, su ba da shawara. A sama akwai darakta, sai manyan masu bincike irin Dokta, sai mu can ƙasa, tafinta da direba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma a Briqueterie, unguwar Hausawa, aka haife ni. Abin da suke so a wurina ke nan.

Shekarun da rikicin kan iyaka ya yi zafi ne, mutane na ta gudowa daga arewacin Najeriya. Jandarmomi, wato 'yan sandan nan ƙasar, kan shigo unguwa kame, wanda ba shi da takarda a jefa shi mota. Kowa na zargin kowa.

Dokta yana neman waɗanda suka gudo, don akwai dokar da ta hana a mayar da mutum inda ya tsere wa mutuwa, yana so ya ji ko ana bin ta. Ƙa'idar cibiya kuwa a fili take: ba suna, ba hoto, ba nuna fuska.

A unguwarmu baƙo ba ya buɗe baki sai mai masaukinsa ya yarda. Idi Tela, wanda ya gudo da keken ɗinkinsa kaɗai, a gidan Alhaji Garba mahauci yake. Na je na sami Alhajin.

Ya ce, "Sale, mutanen nan naka, 'yan rubutu ne ko 'yan sanda?"

Na ce, "Wallahi Alhaji, 'yan rubutu ne."

Ya daɗe yana wasa wuƙa. Sannan ya ce, "Ni ban san Dokta ba. Kai na sani, na kuma san gidan ubanka."

Aka yi hira, aka rubuta rahoto. Da za a gabatar da shi a otal, Dokta ya ce in kawo telan ya ci abinci, ya ga maganarsa ta kai ga manya. Raina bai kwanta ba. Mutumin da bai sake tambayar lafiyar Idi ba tun ranar hira, yau ya tuna da cikinsa? Na ce su wa za su zo? Ya ce abokan aiki ne, kuma a baya za mu zauna.

Idi har sabuwar riga ya ɗinka wa kansa. Muna shiga na ga mutanen ma'aikatu, na ga masu kaki, na ga Turawan da ke ɗaukar nauyin cibiyar. Dokta ya yi ta jawabi har mutane suka fara gyangyaɗi. Sai kawai ya miƙa yatsa ya ce da Faransanci, "Ga ɗayansu can. Ba shi da takarda ko ɗaya, amma doka ta san da shi."

Kowa ya waiwayo, aka hau tafi. Idi ba ya jin Faransanci. Ya miƙe yana murmushi, yana gyara wuyan riga.

"Malam Sale, me ya ce?"

Na ce, "Zauna."

Ba a jima ba aka wayi gari shagonsa a kulle. Wasu suka ce jandarmomi ne, wasu suka ce da ya ji fassarar maganar ya gudu Duwala. Har yau ban sani ba. Kekensa na nan gidan Alhaji, an rufe shi da zane. Alhaji bai zage ni ba, ya dai daina ce mini Sale, sai "ɗan biro", wato ɗan ofis. In na iso wajen mai shayi, hira ta koma ta ƙwallo.

Wata Baturiya ta kai ƙorafi an karya ƙa'ida. Darakta ya kira mu. A gabana Dokta ya ce, "Tafinta ne ya kawo shi ba da sanina ba. Da na gan shi na ɗauka ya amince." Darakta bai ko tambaye ni ba. Aka sallame ni.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin alkawari daga bakin tafinta yake fita, kuma in an saɓa, shi ne mai kwana a unguwa.

Na tare Dokta a bakin motarsa. Ya ce, "Sale, ka gane, dole wani ya ɗauki laifin."

Na ce, "Na gane, Dokta. Kai ka rubuta cewa haramun ne a miƙa wanda ya gudo, kai kuma ka miƙa shi don a yi maka tafi. Ba aikin na zo roƙo ba. Ka zo Briqueterie, ba da mota ba, da ƙafarka, ka tsaya gaban Alhaji Garba ka nuna masa wanda ya yi. Yatsan dai ka iya miƙa shi."