Kofaton Dokin Matsar Rake

Ƙarar wasa wuƙa ce ta fito da ni daga madafa, ƙyas-ƙyas a jikin dutsen bakin rijiya. Ƙanin maigidana ne tsugune, kuma wuƙar yankan albasata ce a hannunsa. Na tambaye shi me za a yanka. Ya ce ba yanka ba ne, dokin ne ke ɗingishi, zai ɗan fere masa kofato.

A Kudan muke, lokacin rake ne, kuma dokin nan shi ke juya injin da ake matse ruwan mazarƙwaila a gonarmu. Da yamma ake dawo da shi turke a bayan ɗakina. Ni ke zuba masa dusa, shi ya sa na bi bayan ƙanin mijin nawa.

Da ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, wani ɗoyi ya buge ni har sai da na toshe hanci da gefen mayafi. Tsakiyar kofaton ta yi baƙi, ta yi laushi kamar ruɓaɓɓen kabewa. Ashe ya daɗe yana ɗura mata baƙin mai na mota, yana cusa tsumma a ramin. Da ya zaro tsumman, tsutsotsi suka biyo shi. Na koma gefe na tofar da yawu, amma ɗacin bai bar bakina ba.

"Matar Yaya, ke da ko kaza ba kya iya kallon a yanka, me ya kawo ki?" in ji shi, yana dariya.

Na karɓe wuƙata. Da maigida ya dawo daga masallaci na same shi, na ce dabbar nan amana ce, za a tambaye mu. Bai so ba, amma ya kira wani mai gyaran kofato da ake samu a kasuwar Makarfi.

Mutumin ya zo a kan babur da jakar fata. Ba mai yawan magana ba ne. Ya sa ƙafar tsakanin gwiwoyinsa, ya datse gefen kofaton da awartaki, ya dinga sassaƙe ruɓaɓɓen wurin da wata lanƙwasasshiyar wuƙa har ya kai ga inda mugunya ta taru. Ta fito baƙa, tana bin yatsunsa. Dokin ya ja dogon numfashi, jikinsa na ɓari. Na kawo ruwan ɗumi da gishiri a bahon wankina, na san ba zan ƙara wanki a cikinsa ba. Ya jiƙa ƙafar, ya sa maganin aidin da auduga, ya ɗaure.

Sannan ya dubi turken, inda fitsari da kashi da ɓawon rake suka haɗu suka zama taɓo, ya ce nan ne ciwon ya fito. A kwashe, a zuba yashi busasshe. Ya ja kunne cewa kada dokin ya koma inji sai sabon kofato ya taso, in ba haka ba ƙafar ta tafi.

Ni da 'yata ƙarama muka kwashe taɓon nan da kwanon sarki, ina yi ina kau da kai. Dokin ya fara taka ƙasa a hankali.

Sai dai an riga an sare rake, kuma rake ba ya jira. Wata safiya na fito da dusa na tarar da turke wayam. Maigida ya ce an mayar da shi inji, yini ɗaya ne kawai. Yinin ya zama mako. Da aka dawo da shi, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ƙudaje na bin ta. Mai gyaran ya sake zuwa, ya duba, ya mayar da kayansa jaka bai ɗaure komai ba.

A daren nan ƙanin mijin nawa ya aiko mini da mazarƙwaila mai ɗumi a faranti. Na ɗaga ta zuwa baki, sai na ajiye ban ci ba.

Masu sayen dabbobin da suka gaza, waɗanda ke lodi zuwa Kudu, su suka zo da mota. Da kyar aka tura shi ciki, ana dukan cinyarsa da sanda. Ina tsaye a zaure, 'yata ta riƙe bakin zanena.

"Umma," ta ce, "a motar ma a tsaye zai tafi? Ki gaya musu ƙafarsa na ciwo."