Murhun Si Bushaib

Si Bushaib ya gaji gidan wanka daga mahaifinsa a wani lungu na Marrakush, kuma shekara talatin da shida ke nan ruwansa bai taɓa hucewa ba. Mutum ne mai kyauta, ba ya riƙe kowa a zuciya, in ka cire Alhaji Lahsan. Tare suka yi makarantar allo, shi ma gidan wanka gare shi a ƙarshen lungun. Ko fenti Lahsan ya sake wa ƙofarsa, ranar abinci ba ya yi wa Bushaib daɗi.

Da hukuma ta ce za ta yi rangwamen haraji ga masu ƙananan sana'o'in da suka rage ƙona itace, Lahsan ya riga shi. Ya jera sola a kan rufi, har jarida ta buga hotonsa yana dafe da tanki.

"Ji shi, sai ka ce shi ya hura ranar," in ji Bushaib.

Matarsa Zuhur ta ce, "Maigida, taku nawa ne? Je ka ga yadda ya tsara abin mana."

"Ƙafata a gidan Lahsan? Allah ya kiyaye."

Hassada ce zalla, shi ma ya sani. Ya sayo sola ninkin ta Lahsan, ya sa aka rushe tsohon murhun itacen da ke zafafa ruwan gaba ɗaya, don kada ma'aikacin haraji ya ga ko tsinke. Rangwamen kuwa ya samu.

Ran Juma'a da safe Mbarak maƙeri ya iso rungume da tulun tanjiya, naman da mazan unguwa kan binne a tokar gidan wanka ya dahu a hankali. Mutum biyar na biye da shi, kowa da nasa tulun. Ya leƙa mazaunin murhu, sai siminti.

"Si Bushaib, ina tokar?"

"An wuce zamanin toka, Mbarak. Taɓa ruwan nan ka ji."

"Ruwa zan ci? Ku zo mu gangara wajen Alhaji."

"Ai shi ma sola ce!"

"A sama ba. A ƙasa ya bar ƙaramin murhu saboda mu. Wai ba ka taɓa leƙawa ba?"

A unguwar kuwa, inda ka binne tulunka nan kake wanka kafin nama ya dahu. Bushaib ya tsaya bakin ƙofa yana kallon su shida suna gangarawa, har da ƙanin Zuhur. Daga can Lahsan ya hango shi, ya ɗago masa hannu da zuciya ɗaya. Wannan gaisuwar ta fi komai ƙona masa rai.