Ranar da aka fitar da ni daga ɗakin mai gidana

Ku matso ku ji. Wannan ba ta gizo ba ce, ba ta ƙoƙi ba, da idona na gan ta.

Kwanan baya na ji ana wani shiri a radiyo, ana kawo maganar ƙarshe ta manyan mutanen duniya. Wane sarki ya ce kaza, sai ya cika. Wane mawaƙi ya ce kaza, sai ya rufe ido. Kowace magana a gyare, kamar an wanke ta an shanya. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na ce a raina, to wa ke cikin ɗakin? Wa ya ji? Domin ni na taɓa zama cikin irin wannan ɗaki, kuma abin da na gani ba shi da wannan tsari.

Mai gidana ɗan kokowa ne. Ba zan kama sunansa ba, ban kama ba yana raye. Amma a zamaninsa, daga Tagris har Sabon Maci, in kaka ta yi aka buga ganga a fage, shi ake jira. Da ƙarfi ya ja baya sai baki ya karɓi aiki. Ranar kasuwa yakan zauna wajen masu sayar da dabbobi, ba ya saye ba ya sayarwa, mutane kuwa sun kewaye shi ana ta dariya. A gida ma haka. Tun daga asuba har a kwanta bakin nan yana tafiya, ni kuma ina amsawa ina aikina.

Shekarar da ƙafafunsa suka kumbura, muka kai shi likita a Maraɗi. Lokotoro, wato likitan, ya duba, ya sake dubawa, ya ce mu mai da shi gida mu ba shi duk abin da ransa ke so. Ba wanda ya tambayi ma'anar wannan. Muka dawo Dakoro ana cikin roron wake.

Ku yaran yanzu, ban sani ba ko kun san yadda ake yi. In mutum ya kai gaɓa, ba a ce masa faɗi kaza. Wani ne zai zauna kusa da kansa ya riƙa faɗin kalmar shahada a hankali, har mai jinya ya kama ya faɗa da bakinsa. Da ya faɗa, sai kowa ya yi tsit. Ba a ƙara yi masa magana, ba a tambayarsa komai, don kalmar ta zama ita ce ta ƙarshe a harshensa. In ya sake yin zancen duniya, sai a koma daga farko. Haka muka tarar, haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa ubana. Kuma ba abin da nake roƙa wa mutumin nan kamar ya samu wannan cikawa, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin ganga da kirari.

Ƙanensa shi ne limamin masallacin unguwarmu, kuma abokin wasana ne tun ranar da aka kawo ni gidan. Shi ya zauna wajen kan. Da hantsi ne, tsakar gida cike da mutane, tsofaffin ƴan kokowa da makaɗinsu sun jeru gindin itacen bedi. Ni ina wajen ƙafafu ina yi masa fifita.

Liman ya fara. Mai gida ya kama, ya faɗa sarai, kowa ya ji. Liman ya ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit, har ana jin tafiyar kaji a waje. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata.

Can sai mai gida ya buɗe ido ɗaya ya dube mu.

“Wa ya mutu kuka yi jugum haka?”

Wata ƙanwarsa ta toshe baki da gyale, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

“Yaya, don Allah,” in ji liman.

“Alaramma, ai na faɗa. Ko ban faɗa daidai ba?”

Liman ya sake farawa. Mai gida ya sake kamawa. Aka sake yin tsit. Ba a jima ba ya juyo da kai wajena.

“Ke, hurar jiya nonon ya yi tsami. Ki daina saye wajen matar nan, ta raina ki.”

Na sunkuyar da kai, ban tanka ba. Duk zamanmu ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Haka aka yi ta yi har rana ta yi sama. Ya faɗa, a yi shiru, ya gan ni, ya tuno wani abu. Ko an ɗaure akuya. Ko na ba maƙwabta turminsu. Numfashi yana raguwa, magana ba ta raguwa. Sai liman ya tashi ya yafito ni bakin ƙofa.

“Matar yaya, ke ce. In ya gan ki bakinsa ba ya tsayawa.”

“Ni da na tsufa ina neman dabarar rufe bakin nan ban samu ba, yau kai za ka samu?”

Na zaci zai mayar mini kamar yadda ya saba. Bai yi ko murmushi ba.

“Yau ba ranar wasa ba ce. Ki fita. Lahirarsa nake ji.”

Na dubi mai gida, idonsa a rufe. Na yi tunani, zamana kusa da shi na yini ɗaya ne, inda za shi kuwa ba a dawowa. Na ajiye maficin a kan tabarma na fita.

Bayan ɗakin, jikin rumbu, mata suna ɓarar wake don abincin baƙi. Na zauna na jawo ƙwarya gabana. Hannu yana aiki, kunne yana jikin bango. Na ji muryar liman tana tafiya a hankali. Na jira in ji ta mai gida ta bi ta. Abin da na ji shi ne:

“Ina ta tafi?”

Liman ya ci gaba da kalma.

“Na ce ina ta tafi?”

Matan suka daina ɓara suna kallona. Na kafa ido cikin ƙwarya. Na ce a raina, bawan Allah, ka bar ni, ka kama abin da zai fisshe ka. Liman ya maimaita, ya maimaita. Muryar mai gida ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya, amma tambayar ba ta canza ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ɗazu yana faɗa yana ɓatawa, yanzu ko faɗar ma ya daina.

Sai ga liman ya zagayo, rawaninsa ya kwance gefe ɗaya, hawaye cikin gemu.

“Shigo. Ya ƙi.”

Na shiga. Ban koma wajen ƙafafu ba, na durƙusa inda liman ya tashi. Mai gida ya buɗe ido da ƙyar.

“Ke ce? Ina kika je?”

“Ina nan bayan ɗaki. Wake nake ɓara.”

“Wake,” ya ce. “Yau ma?”

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, na san dariya ce ba ta samu ƙarfin fitowa ba. Na kama hannunsa a gaban dangi, abin da ban taɓa yi ba. Hannun da ya ɗaga ƙatti sama, ya koma kamar kara. Na kai bakina kusa da kunnensa na faɗi kalmar, a hankali, yadda nake faɗinta ni kaɗai a kan tabarmar salla. Na sake faɗa. Leɓensa ya motsa, ya motsa, ya tsaya. Sauti bai fito ba. Kafin a kira azahar ya cika.

Da aka rufe shi da zane, liman ya matso kusa da ni.

“Kin ji?”

“Ban ji ba. Na dai ga leɓe.”

“Me leɓen ya ce?”

“Ban sani ba, Malam.”

Ya daɗe yana kallona, yana so in ƙara ko kalma ɗaya. Da ina da ita da na ba shi.

Kafin a tashi zaman makoki, gari ya riga ya samu tasa maganar. Makaɗin nan ya ce da kunnensa ya ji, daga gindin bedi, marigayi ya ce yau ya gamu da wanda ya kai bayansa ƙasa. Ƴan kasuwar dabbobi suka ɗauka, direbobi suka kai ta ƙauyuka. Har yau akwai masu rantsuwa a kanta. Ina cikin takaba mata suna zuwa suna tambayata ko gaskiya ne. Nakan ce Allah ya jiƙansa, su ce amin, a wuce wurin. Liman kuwa, in an tambaye shi, abin da yake cewa ɗaya ne: muna kyautata masa zato.

Na juya motsin leɓen nan a raina shekara da shekaru. Wata rana in ga kalmar ce, tsawonta ya kai. Wata rana in ga zancen waken ne yake ƙarasawa, don ba mutumin da zai bar zolaya a rabi ba ne. Wanda ya halicci leɓen ya ji abin da ya ce, ni ban ji ba, kuma na daina neman in sani. Addu'a dai ba na fasa masa.

Amma na tara ƴaƴana mata na gaya musu. Ranar da tawa ta zo, ku zauna kusa da kaina ku faɗa mini kalmar yadda aka saba. Kada ku fitar da kowa. In na buɗe ido na tambaye ku ko an sauke tukunya, ku ce mini an sauke, Inna, sannan ku sake farawa.