Ranar da Amm Ragab Bai Juya Takarda Ba

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da shayi a jikin katangar ofishin da ke tantance shaidun karatun waje a Giza, kuma ko da na zo na tarar da Amm Ragab a wurin, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa da laimar da rana ta ƙoɗar. Cika wa mutane fom ne sana'arsa. A ƙofar kotu ya koya tun yana saurayi, bai wuce sakandare ba, amma na sha ganin likitoci sun ranƙwafa a gabansa suna sauraro.

Kowa a layin ya san halinsa. In ka miƙa masa takarda ba ya kallon gabanta, juya ta yake yi. Ya ce gaba na mai bugawa ne, ko ɗan madaba'ar unguwa zai iya zuba masa ruwan zinariya. A baya hukumomi ke dangwala hatimi, ɗaya yana tsaya wa ɗaya.

Da karatu ta intanet ya yawaita, sai ya ƙara tambayoyi uku. Wa ya amince da jami'ar? Shi mai amincewar, gwamnatin ƙasarsu ta san da zamansa? Sunan jami'ar yana cikin jerin waɗanda ofishin nan ya yarda da su? Jerin yana aljihun gabansa, duk an sabunta sai ya sa an buga masa. Bai taɓa cewa karatun duk na banza ba ne, akwai waɗanda ya cika wa fom suka fito suna dariya. Amma bakinsa ba shi da linzami. Wani saurayi ya taɓa nuna masa tambari yana cewa, “Ga shi nan an rubuta an amince da su.”

“Ni ma na amince Ummu Wa'il ta fi kowa iya shayi a Masar,” in ji shi yana nuna ni da biro. “Zo in rubuta maka, ka je neman aiki da shi.”

Na sha gaya masa ya riƙa tausasawa, 'ya'yan mutane ne. Sai ya ce gara su ji a bakinsa da su ji a bakin tagar ofis.

Wata Alhamis ya zo a makare, fuskar nan kamar an kwaɓa toka. Na kai masa shayi har ya huce bai taɓa ba. Sai da layi ya ragu ya gaya mini. 'Yarsa Duha, ita kaɗai Allah ya ba shi, malama ce a makarantar gwamnati, gurbin da ta yi shekaru tana jira kafin ta samu. Ashe shekara uku tana digiri na biyu ta waya a ɓoye, don ta san bakin ubanta, kuma tana so ta ba shi mamaki. Jiya takardar ta iso. Uwarta ta rangaɗa guɗa, an raba wa maƙwabta jan sharbat. Wata makaranta a Kuwait ta ce za ta ɗauke ta in an tantance shaidar nan gaba, kuma ranar Lahadi za ta miƙa takardar ajiye aikinta.

“To me ka gani a bayanta?” na ce.

“Ban juya ba.”

“Kai ɗin?”

“Yarinyar tana tsaye tana kallona, Ummu Wa'il, idonta fal da ƙwalla. Na ce Allah ya sa albarka, na kai wa mai firam ya rufe bayan da katako. Da hannuna na rataye ta.”

“Sunan fa, yana cikin jerin?”

Ya dafa aljihunsa, bai ciro ba. “Na haddace jerin nan kamar sunayen 'yan'uwana,” ya ce.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce masa 'ya'yan wasu yana yanka su ba bisimilla, tasa kuma zai tsaya yana kallo ta saki aikin gwamnati, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Ya ce zai gaya mata Juma'a bayan masallaci.

Juma'a da Asabar ba ofis. Na kira shi Juma'a da yamma, ya ce dangin matarsa sun cika gidan suna ɗaukar hoto a gaban firam. Na kira Asabar, ya ce ya buɗe baki sau biyu, Duha ta shigo da akwatin tafiya tana tambayarsa ko launin ya yi. Kwana biyun nan ni da ba 'yata ba, har waken ful na ƙona sau biyu don zullumi.

Lahadi da sassafe ina hura wuta, shi yana gyara ƙafar tebur da kwali, sai ga Duha da abu a naɗe cikin mayafi. Ba ta zagayo gefensa yadda ta saba ba. Ta tsaya a gaban teburin, inda kowa ke tsayawa, ta ajiye firam ɗin.

“Baba, juya ta.”

“Duha, bari mu je gida.”

“Tun ina ƙarama, ko katin gayyatar biki aka ba ka sai ka juya. Tawa ce kaɗai ba ka juya ba. Kwana uku ba na iya cin abinci. Takardar ajiye aikin tana jakata, ƙarfe tara zan miƙa. Juya ta.”

Ya ari wuƙar da nake yanka lemon tsami, ya ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Bayan fari ne fes, ko ɗigon tawada babu.

“Yi mini tambayoyin,” ta ce.

Ya yi, da muryar da ban san shi da ita ba. Ta faɗi sunan hukumar da ta amince da jami'ar. Ya ce ta duba adireshin hukumar a wayarta, ta kuma duba na jami'ar. Gini ɗaya ne, bene ɗaya. Ya ciro jerin, ta bi da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi.

Ta zauna a bencina. Na ba ta shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu, hawaye na sauka ba sauti. Shi ko kallonta ya kasa yi. Can ta buɗe jaka, ta ciro takardar ajiye aikin ta miƙa mini. “Khala,” ta ce, wato inna, “ƙara a wutarki.”

Ta share fuska, ta koma gaban teburin. “A cikin jerin nan, waɗanne ne ke karɓar mai aiki kamar ni?”

Ya ce akwai uku, ya kai hannu zai ciro sabuwar takarda. Ta tura masa shaidar a kife yadda take.

“Rubuta a nan, Baba. Ai akwai wuri.”